Hannayen Inna Sabulu

Shekara ashirin da uku Inna Sabulu ta yi tana aikin jinya a ɗakin bakwaini, inda ake ajiye jarirai a kwalba har su yi ƙwari. 'Yar mai wanki da guga ce. A gindin baho ta taso, kuma abin da ta gada wurin mahaifinta shi ne duk abin da bai yi kumfa aka ɗauraye shi ba, to da sauran dattinsa. Daga nan sunan ya bi ta. 'Ya'yanta uku sun girma sun bar gida, amma har yau sai sun duba faratansu kafin su shigo gaishe ta.

Mace ce mai zargi, ko ita ba ta musu. In aka canja mata ranar hutu, sai ta ce akwai wata a ƙasa. Don haka ranar da aka kakkafa robobin sanitaiza a bangon ɗakin, ruwan nan da ake murzawa a hannu ya bushe da kansa, ta matsa kaɗan ta shinshina, ta ji warin sifirit, ta yamutsa fuska. Ta tambayi Metiron, shugabar masu jinya, ina dattin yake tafiya tunda ba a ɗaurayewa. Metiron ta yi mata bayani har da takarda, cewa yana kashe ƙwayoyin cuta, abin da ke ratsa fata bai kai a damu ba, kuma akwai mai a cikinsa da ke tausasa hannu. In hannu ya ɓaci da jini ko ƙazanta, a wanke da sabulu. Inna ta ninke takardar ta sa a aljihu, ko layi ɗaya ba ta yarda da shi ba.

Ba ta yi gardama ba, dabara ta yi. Sai ta murza shi a gaban kowa, da an kau da kai ta zarce famfo ta wanke da sabulu da ruwan zafi, ta zura safar hannu tun fatar da danshi. A yini takan yi haka sau hamsin.

Kafin wata biyu hannun ya tsattsage. Sanitaizar na taɓa shi sai raɗaɗi kamar an zuba gishiri a ciwo, ita kuwa ta ce ga shaida ta fito. Ta riƙa jan ƙananan ma'aikata gefe tana nuna musu. Da ta ga nasu hannun sumul, sai ta ce ai robar da ke kusa da teburinta daban aka cika ta, don tsofaffi su gaji su tafi da kansu. Har musanya robar ta yi da tasu a ɓoye. Ba abin da ya sauya.

A lokacin akwai wani bakwaini da take kira Babban Mutum, don shi ne mafi ƙanƙanta a ɗakin. Mako bakwai tana ba shi nono ta siririn tiyo, tana juya shi, tana yi masa faɗa in ya ƙi ƙara nauyi. Ta riga ta gaya wa uwarsa cewa da hannunta za ta ciro shi daga kwalba ta miƙa mata.

Wata safiya Metiron ta ga jini cikin safar da Inna ta cire. Ta kirawo likitar fata, yarinya sa'ar 'yar autar Inna. Likitar ta nemi kujera ta zauna tana kallon aiki har kusan awa guda.

"Inna, ba ruwan sanitaiza ne ya cinye miki hannu ba," in ji ta. "Wankin da kike bin sa da shi ne. Kin wanke man fatarki kaf."

"'Yar nan, wa ya turo ki?"

Likitar ta ce ba kowa, amma hannu mai buɗaɗɗen ciwo ba ya taɓa bakwaini, don cuta na iya maƙalewa a cikin tsagar. Aka rubuta mata man shafawa, aka mai da ta ɗakin yankar kati na mako uku. Ta tafi ranta a ɓace, tana ganin an haɗa baki ne. Sai dai a can ba famfo kusa, kuma cikin kwana shida tsagar ta fara haɗewa. Wannan ya fi komai ƙona mata rai, don ba ta sami wanda za ta ɗora wa ba.

A kwana na tara aka sallami Babban Mutum. Wata ma'aikaciya ce ta ciro shi daga kwalba. Uwar ta zagayo har tagar kati da shi a cikin tawul, ta miƙo shi tana murmushi.

"Inna, karɓi ɗanki ki sa masa albarka."

Inna ta miƙe, hannunta har ya yi gaba. Sai ta dubi babban yatsanta, inda tsaga ɗaya ba ta gama rufewa ba. Ta mai da hannayen baya ta haɗe su.

"Riƙe abinki," ta ce. "Matso da shi dai in ga fuskarsa."