Zobe na Uku

Shekara talatin da huɗu Nirmal Chakladar ya yi yana gyaran fitilun sigina a reluwen Kharagpur ta ƙasar Indiya, kuma ko yau ka zauna da shi sai ya gaya maka ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Kai, mutumin nan akwai cika baki! Da ya yi ritaya sai ya shiga ƙungiyar tsofaffin da ke haɗa ƙananan jiragen ƙasa a kan tebur, da tashoshinsu da gadojinsu. Duk harkar wuta aka bar masa.

Amininsa Cedric D'Rozario, tsohon direban jirgi, shi ke liƙa wayoyi da dalma. Tare suke shan shayin safe tun suna samari.

Ana saura kwana uku baje kolin shekara, aka kunna wuta, fitilun sigina goma sha biyu suka yi fau, suka mutu. Nirmal ya juya kan Cedric a gaban kowa.

"Wannan liƙi ne ko kashin kaji? Hannunka rawa yake, tsoho, ka koma gida ka sha jiƙo!"

Cedric ya ɗauki sigina ɗaya, ya daɗe yana dubawa. "To, Dada," ya ce, wato yaya, kamar yadda ya saba kiransa, ya sa hularsa ya fita. Bai sake zuwa ba.

Nirmal ya kwashi siginonin zuwa gida. Ya bi kowace waya, ya sake kowane liƙi, ya sa sabon ƙwan fitila. Fau! Shi ma ya ƙone. Abu ɗaya ne bai taɓa ba, resista, ɗan abin nan kamar ƙwayar shinkafa da ke rage wa ƙwai ƙarfin wuta. Da launin zobban jikinsa ake gane ƙarfinsa, kuma Nirmal da hannunsa ya zaɓe su. Shi da yake dariyar masu auna su da mita!

Matarsa Shefali ta kawo masa shayi da muri, gugurun shinkafa, ta ɗauki resista ɗaya tana juyawa.

"Ajiye, kin san me ne? Ruwan ƙasa, baƙi, ja."

"Wane ja kuma? Kana ji, na ukun nan ruwan ƙasa ne."

Ya janyo mitar da ta yi ƙura a ƙasan akwati. Ɗari ta nuna, inda ake son dubu. Ya auna duka goma sha biyun, haka. Yanar idon da likita ya faɗa masa tun bara, wadda ya ɓoye wa kowa, ita ce sanadi. Kunya ta kama shi.

Da hantsi ya isa gidan Cedric da gwangwanin resistocinsa a hannu. Ya shirya magana tun daga hanya, amma da ya gan shi a baranda, ba abin da ya fito sai, "Zoben ne."

"Na sani, Dada. Tun ranar na gani."

"Ka gani? To me ya hana ka faɗa?"

"A gaban su wa? Ni direba ne, hannuna ya yi rawa ba komai. Kai fa, mai sigina, a ce ba ka gane ja?"

Nirmal ya zauna a kan matakala, ya kasa ɗaga kai. Can ya miƙa masa gwangwanin.

"Zaɓar min," ya ce.