Buhunan da Aka Kakkaɓe a Tsakar Gida

Karatuna ya tsaya a aji biyu na firamare. Ba ni na gudu ba, malamin ne ya roƙi ubana ya ɗauke ni don sauran yara su samu su ji abin da ake faɗi. Ka ga ba irin mutumin da ake sa ran zai haifi ɗan kwaleji ba ne. Amma na haifa.

Shekarun da zinare ya buɗe a ƙasar Anka, ina aiki wurin wani Alhaji mai injinan niƙa dutse, bayan garinmu, kan hanyar Bagega. A kawo dutse cikin buhuna, mu zuba a inji ya fito gari, a wanke a tsamo zinare. In mun tashi aiki fari fat muke, ko akuya ta gan mu sai ta canza hanya. Alhajin yana da wata ɗabi'a da ake yabonsa da ita har Gummi da Bukkuyum: duk ɗan kwalejin da ya yi masa aiki lokacin hutu, shi ke biya masa kuɗin makaranta. Sharaɗi ɗaya ne, kowane hutu ka zo da kanka. Ka tsallake hutu, ya tsallake ka.

Haka ɗana na fari ya shiga kwalejin aikin lafiya, ga shi da mata da ɗiya ƙarama a gidana. A wajenmu ɗan fari kunyarsa ake ji. Ban taɓa faɗin sunansa ba, ban taɓa zama hira da shi ba, “wancan yaron” nake cewa. Uwarsa ta fi ni, in ya shigo sai ta juya baya ta kama sharar inda ta riga ta share. Duk saƙona ta bakin jikata yake bi, ko da yana zaune ina jin numfashinsa.

“Amarya, ce ma ubanki ya tashi, inji ba ya jiran 'yan boko.”

“Ni ba amaryarka ba ce. Ba ka da haƙora.”

“Ajiya na kai su, sai ranar bikinmu.”

“Ƙarya kake, tsoho!”

Sai ta juya ta isar da saƙon da ƙarfi, har da ƙarin nata.

Buhunan da suka huje, Alhaji mu yake bar wa. Uwargidana ta farke su ta ɗinke, suka zama shimfiɗa babba. A kai ake shanya gero, a kai nake miƙe ƙafa, a kai amaryata ke cin tuwo, ta yar da loma ta ɗauka ta mayar baki.

Ana nan yara suka fara mutuwa a Tungar Daji da Duza. Mu muna ta zargin iska da mayu. Can kwaleji aka gaya wa su wancan yaron gaskiya: dalma ce cikin dutsen, ƙurarta guba ce, kuma ƙananan yara ta fi ci. Nan take ya ɗauki waya. Ina da waya, uwarsa na kusa da ni, amma bai taɓa kiranmu ba tun da yake, ranar ma bai iya ba. Matarsa ya kira, ya ce a haɗa buhunan a binne bayan gari, kada yarinya ta ƙara taɓa su.

To ina suruka za ta dubi uwar mijinta ta ce binne abin da kika ɗinka da hannunki? Ta zo ta durƙusa bakin ƙofa, kai ƙasa, murya kamar ta sauro.

“Inna, wai ya ce buhunan ga suna da ƙura.”

“Awo,” in ji uwargida. “Tun da an shiga kwaleji mun zama ƙazamai.”

Ta rataye shimfiɗar kan igiya a tsakar gida, ta sa sanda. Ƙura ta turnuƙe. Amaryata ta samo karan dawa tana taya ta duka, tana tsalle cikin farin hayaƙin. Na ce, “Kai, yau amarya ta sha hoda!” Muka yi ta dariya. Daga ranar kullum sai an kakkaɓe, don kada a sake cewa ba mu da tsabta. Uwar yarinya ta ja ta ɗaki, kaka ta kira ta ta fito.

Kafin hutu ya zo ta fara amai, sai jijjiga, ido ya juye sama. A asibitin Anka aka riƙe ta, aka yi ta ba ta magani. Ta rayu. Amma bakin nan bai dawo tare da ita ba.

Aka zo aka kankare ƙasar gidanmu, aka tafi da ita har da buhunan. Alhaji ya zo dubiya, ya zubar da hawaye na gaske, ya gina wurin wanka kusa da inji. Sharaɗinsa dai bai taɓa shi ba. Wancan yaron kuwa ya ce wa matarsa ba zai ƙara taka wurin inji ba, ko da kwalejin za ta tafi. Shekarar ƙarshe ta rage masa.

Wata la'asar yana zaune bakin rumbu, yarinyar na kan cinyata, yawu na zuba mata. Na ce, “Amarya, ce ma ubanki ya koma. In ya bari yanzu, an ci ki a banza.”

Ta ci gaba da kallon bango. Na jira. Shi ma ya jira. Babu mai kai saƙo.

Wuyana ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutsen niƙa, amma na juya shi, na dubi ɗana cikin ido.

“Kai. Ka koma, ka yi wanka can, ka bar tufafinka can. In kuma ka ƙara sanin wani abu, ni za ka kira. Ko zagina ne.”

Washegari na iske shi bakin inji, ya ɗaure hanci da ƙyalle. Ya gama kwaleji, yanzu shi ke ɗibar jinin yara a asibitin ƙauye don a duba dalma. Yana kirana, mu yi gaisuwa a daburce kamar masu neman aure.

Amaryata ta yi tsawo. Kullum da safe nakan buɗe bakina in nuna mata dasashi, ko za ta ce ƙarya nake. Takan duba, ta kau da kai.