Robar Ƙarƙashin Injin Markaɗe

Bayan rasuwar maigidana, injin markaɗen da ya bari a zaure shi ne abincina, a nan Kontagora. Masu kawo tattasai da wake ba sa zama, a zuba musu su tafi. Mutum ɗaya ce ke zama da ni, wata tsohuwa Bakambara da katanga ta raba mu. Kunnenta ya yi nauyi, hirarmu rabi ihu ce rabi nuni, amma kullum na tayar da inji sai ga ta da kujerarta.

Robar da ke ƙarƙashin ƙafafun injin ta bushe, baƙin mai ya cinye ta, girgiza ta fara tsaga katangar ɗakin tsohuwar. Ɗanta ya zo daga Minna ya gani, ya ce in abin ya ci gaba zai ɗauke ta. Ita ta ƙi. Ni kuwa tsoro ya kama ni, don in ta tafi ba ni da kowa.

Na je wurin mai faci ya yanko mini roba kala-kala. Na auna su yadda na ga marigayi yana yi: a sa roba a ƙarƙashin ƙafafu, a ɗora kwanon ruwa a ƙasa jikin katanga, a tayar da inji a duba. Tayar babbar mota ta yi tauri, ruwan har tsalle yake. Tiyub ya yi laushi, injin ya kama rawa kamar zai bi ni waje. Da na haɗa biyun, tiyub a tsakiya, ruwan ya kwanta lumui. Ranar har shinkafa na dafa don murna.

Tsohuwa ba ta zo ba. Washegari ma haka. Ni da zuciyata, na ce ai ba ni na saba zuwa ba, na share ta har sati ya zagayo. Da kaɗaici ya ishe ni na leƙa, sai na tarar da kayanta a ɗaure.

Na ɗaga murya na ce, "Mama, ina zuwa?"

Ta dafa katangar ta ce, "Gado bai motsa ba, 'yata, da shi nake sanin kin tayar da inji. Na ce kin daina aiki, ba kya son mutane. Na aika wa ɗana ya zo ya ɗauke ni."

Na yi bayani da baki, na yi da hannu, tana ta gyaɗa kai tana murmushi. Motar ɗanta ta iso kafin la'asar.