Rigar da aka ɗauka aka gyara

Jama'a, yau na ga rigar manhajarmu a jikin wani dattijo!

Kun san muna neman mai buga mana riguna, irin wanda sai an yi oda yake bugawa. Na ba wani mai shago a Yalwawa gwaji, da takenmu a ƙirji: "KYAUTA CE, KOWA YA ƊAUKA YA GYARA."

Da la'asar na je dubawa. Ba riga ko ɗaya! Mai shago ya ce, "Wallahi da safe na rataye su a waje su sha iska, shi ke nan."

Muna tsaye sai ga wani dattijo sanye da ɗaya. An ƙara mata dogon hannu, har da aljihu!

Na gaishe shi, na ce, "Baba, ai manhajar waya ce kyauta, ba rigar ba."

Ya ce, "Ɗana, na iya karatu fa. Kun ce a ɗauka a gyara, na kai wa tela."

Har ya juya, sai ya waiwayo. "A bugu na gaba ku sa aljihu."

Bugun mai shagon ya yi kyau, shi za mu ba aikin. Amma don Allah a sauya taken nan!