Rigar Jar Rana da Na Kai wa Tsohon Tela

Ni ba mai riƙe abu ba ne, abin da na ci jiya ma sai an tuna mini. Amma ranar da na kai wa wani tsohon tela kyautar riga a Kuala Lumpur, wannan kam har in koma ga Allah ba za ta fita daga kaina ba.

Ƙanena ne ya ja ni ƙasar. Shi ya yi boko, aka tura shi ƙaro karatu, ya zauna a unguwar Cheras da iyalinsa. Ni a aji huɗu na tsaya, kasuwa ce makarantata. Ya ce in zo in gwada sayen yadi da mayafai a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman ina aikawa Kano. Na gwada, Allah ya sa albarka.

A wani lungu bayan titin akwai tsoho ɗan Cana mai shagon ɗinki. Ankul kowa ke ce masa, shi kuma ya ce mini Haji tun ban je Makka ba. Turancina guntu, nasa guntu, mu cike da ɗan Malay, yaren ƙasar, da nunin hannu. Shi ya ba ni ɗakin bayan shagonsa ina tara kaya. Ya ware mini kofin shayi nawa ni kaɗai, ya ajiye mini kujera a damansa, kullum a dama. In azahar ta yi shi ke nuna mini agogo. Ba don ɗakin nan ba, da sai in riƙa jan dila a bas har Cheras in hau da ita bene, ga bayana da ya riga ya gaji da duniya.

To ga inda jahilci ya shigo. Muna samari a Kano ba mu da aiki sai silima. Duk wanda ya ɗaura ƙyalle a goshi yana tsalle yana duka, a wurinmu ɗan Cana ne. Japan kuwa sunan da ke jikin rediyo da babur ne kawai. Jaruman da suka fi burge mu su ne masu farin ƙyalle da jar rana a tsakiya tana baza haske ta ko'ina.

Da bikin sabuwar shekararsu ya matso, matar ƙanena ta ce mini suna son ja, kuma lemo ake kai musu. Ina wucewa ta tebur ɗin masu riguna sai ga rigar nan, fara da jar rana, irin ta silima sak. Na ce ai shi ke nan. Na ɗauki hamsin don samarin Kano, na zura ɗaya, na naɗe ɗaya a takarda, na sayi lemo na nufi shago ina taƙama.

Yana kan keke yana ɗinki. Ya ɗago ya dubi ƙirjina, ƙafarsa ta tsaya. Na buɗe tasa na miƙa masa da hannu biyu ina washe baki. Bai karɓa ba. Ya ce da Malay, murya ƙasa-ƙasa, "Fita."

Na zaci wasa ne. Sai ya nuna mini ƙofa, na fita.

'Yarsa, wata dattijuwa da ke kula da shagon, ta biyo ni waje. "Haji, wa ya ba ka wannan?"

"Saya na yi. Ba taku ba ce?"

"Tamu?" Ta dube ni kamar ta ga mahaukaci. "Tutar sojan Japan ce."

Nan a bakin kwata ta ba ni labari. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya sojojin suka shigo garinsu a kan kekuna. Suka tara maza a fili, suka tafi da ubansa da yayyensa biyu, har yau ko kabarinsu bai sani ba. Shi kuma wani soja ya mare shi don bai rusuna sosai ba, kunnensa na hagu ya mutu. Sai a lokacin na gane dalilin kujerata a dama. Da ta gama ta ce, "Ya ce ka kwashe kayanka kafin Juma'a."

Da yamma na samu ƙanena a mamak, shagon shayin da muke zama, na kwashe komai na gaya masa. Ya dafe kai. Ya ce waɗannan sojoji da mutumin nan na Jamus mai guntun gashin baki tafiyarsu ɗaya, cewa suke: mu ne jinsin da ya fi kowa, shugaba ɗaya ne, wanda ya yi tari ya mutu.

"Yaya, ba kai ne kullum a kan teburin nan kake cewa ƙasarmu ba ta gyaruwa sai an samu mai bulala ba? To ga bulalar ka gani."

"Kai, ban zo ka yi mini lacca ba."

"Naka wasa ne. Baba da wa ya yi yaƙi a Boma?"

Na ajiye kofin shayin. Babanmu tsohon soja ne, da ɗingishi ya dawo, bai taɓa ba mu labarin dajin ba. Abin da na tuna kawai, in mun dawo daga silima muna kwaikwayon duka, yakan ce, "Ku har layi kuke bi ku kalli yaƙi." Ashe tutar waɗanda suka lalata masa ƙafa na manna a ƙirji, ina da furfura.

Ranar Alhamis na sa kaftanina, na ɗauko rigunan duka hamsin har da wadda na sa, na zube su a kan teburin yankansa. Na ce wa 'yar ta gaya masa ban zo roƙon ɗaki ba, kayana zan kwashe, amma waɗannan ba za su je Kano ba. Jahilci ne, ban sani ba.

Ya tambaya, ta fassara: "A ƙasarku ana sa wannan?"

Na ce a ƙasarmu ba wanda ya san mece ce. Ni da ubana ya yaƙe su a Boma ma ban sani ba, balle yara.

Ya dube ni. Sai ya jawo babban almakashi, ya miƙo mini ƙarami. Ya ɗauki riga ya raba jar ranar gida biyu. Na ɗauki tawa na yi yadda ya yi. Haka muka yi ta yanka har 'yar ta cika kwali da tsumma. Ya zari guda ya goge man keke da shi, ya ce yadin banza ne, ko tsumman kirki ba zai yi ba. Sannan ya turo mini kofina, ya nuna agogo: "Haji, lokacinka ya yi."

Shekara huɗu na ƙara a ɗakin nan, da tsumman muka yi ta goge daɓe har ya ƙare.

Yau ina zaune a Kano, Alhamdu lillahi, na ci na sha, ba ni da ƙorafi. Nakan ga samari da riguna irin waɗannan, har da mai fuskar na Jamus ɗin, sun ɗauko daga fim suna ganin jarumta ce. In na samu hali nakan tsayar da mutum in tambaye shi ko ya san abin da ya sa. Yawanci dariya suke yi, ni ma a da dariyar zan yi. Abin da dai na koya guda biyu ne. Kada ka rataya abin da ba ka tambayi tarihinsa ba. Sannan duk wanda ya zo mini da zancen sai mai bulala, ba na ƙara gyaɗa kai, don na zauna shekaru a daman mutumin da ta sauka a kunnensa.