Lambar Hidimar Malamai

A gidanmu na unguwar As-Sih, a Madina, akwai wata lambar girma da muka tashi muka tarar a cikin gwangwanin alewa, naɗe da guntun tsohon rawani. Zagayayya ce, ta azurfa, faɗinta bai wuce bakin finjalin shayi ba, ga ɗan ƙyallen ratayawa da ya koɗe har ba ka iya rantsewa kan launinsa. Sunanta a gidanmu lambar hidimar malamai, labarinta kuma guda ne: Sarkin Jawa ne ya aiko wa Baba da ita. A Madina duk wanda ya fito daga wajen Malesiya ko Indonesiya Bajawe ne, kamar yadda mu duka Takari ne a bakin wasu, ko da a nan aka binne cibiyar kakan mutum.

Baba ba malami ba ne. Turin arabiyya yake yi, wato kujerar nan mai ƙafafu da ake ɗora tsofaffin alhazai a kai su Harami, a kai su Baƙi'a, a dawo da su masauki. Da ita ya ciyar da mu har gwiwoyinsa suka ce ba su san zancen ba. Wata shekara, ina ƙarami, wani tsohon Bajawe da yake turawa ya kwanta ciwo, 'yan tawagarsa suka wuce Makka suka bar shi. Baba ya turo shi gida. Ya yi kwanaki a ɗakin baƙinmu, Inna tana dama masa kunu, shi da Baba suna hira da hannu da guntayen Larabci. Ranar da zai tafi ya ciro lambar daga jakar wuyansa, ya maƙala wa Baba a ƙirjin riga, ya ce, “Min Sultan. Khidmat lama.”

Baba ya ji “daga Sarki”, ya kuma ji “hidimar ulama”. Da ya duba rubutun jikinta sai ya ga haruffan Larabci ne, irin nasu na Jawa mai yawan ɗigo uku-uku. Ya yi karatun allo, don haka ya gane kalmar hidima ba wahala. Bayanta ga lam, ga alif, ga mim. Ya ce ai harafin farko, ainun, ita ce ta goge, ulama aka rubuta. To, malamai nawa ya tura a arabiyyarsa? Ba su ƙirguwa. Magana ta zauna daram: tsohon nan manzon Sarki ne da ya ɓad da kama.

Ni gyaran agogo na koya, na kuma yi shekaru a wani ɗan lungun shago tsakanin otal-otal ɗin tsakiyar gari. Bayan rasuwar Baba na ci karo da wata lamba mai kama da tamu a kasuwar gwanjo, cikin tarin tsofaffin makullai, na saya. Daga nan ciwon ya kama ni. Na sa wa masarauta guda ido daga cikin masarautun Malayu, wadda tambarinta ke jikin ta Baba, na shiga tara lambobinta. Wata in samu wurin alhaji, wata ɗan'uwan sana'a ya aiko mini daga Jidda. Na shimfiɗa baƙin karan-miski a cikin akwatin gilashi na jera su kusa da agogunan aljihu.

A hankali na koyi rabe su. Akwai wadda suke kira darjah, daraja ke nan dai tamu ta Hausa, mai siffar tauraro da faffaɗan ƙyalle da ake saɓawa a kafaɗa. Wannan ta manya ce, masu sarauta da manyan ma'aikata. Akwai kuma pingat, wadda har yau bakina fingat yake ce mata, zagayayya, ƙarama, ta sauran jama'a. Na iya gane ta ainihi da ta jabu daga nauyi da kaifin haruffa. In na ɗora madubin gyaran agogo a ido, ba na jin kunyar kowa. Wani direba ɗan Chadi ya taɓa kawo mini tauraro yana ta rawar jiki, na ce masa wannan ko a marfin tukunya ba za ta yi mutunci ba. Ya yi wata guda ba ya gaishe ni. Ina da wannan hali, na sani, kuma ban ce na daina ba.

Amma wanzami ba ya son jarfa. Shekara da shekaru ina ƙwaƙule lambobin mutane, ban taɓa ɗora madubin nan a kan ta Baba ba. Na san zagayayya ce. Na san ba tauraro ba ce. Duk lokacin da tunanin ya taso sai in ce ai tana wurin Inna, bai kamata in dame ta ba. Gaskiyar magana tsoro nake ji.

Domin lambar nan ita ce abin tinƙahon Inna. A gidan biki, in matan unguwa suka fara, wannan mijinta ya yi aiki a ma'aikatar kaza, waccan nata yana da gonar dabino a Awali, Inna takan bar su su yi ta zuba. Sai an gama ta gyara lulluɓi ta ce, “Mu dai Sarkin Jawa ya san da zamanmu.” Mijinta ya ƙare rayuwarsa a bayan kujera, ana kiransa “ya hajj, ya Takruni” ba tare da an tambayi sunansa ba, ita kuwa tana da shaida a gwangwani cewa wani babba ya gan shi.

Bara idonta ya fara rauni. Wata Juma'a bayan mun ci abinci ta sa aka ɗauko gwangwanin. Ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana, sai dai “mai agogo”.

“Mai agogo, karɓi. Ka sa mata birwaz, a rataye a majalisi,” in ji ta, tana nufin a sa ta a gilashi. “Ka rubuta abin da ke jiki da Larabci, babba-babba. Jikokin nan ina musu Hausa suna mayar mini da Larabci, wai na'am ya sitti, in na mutu wa zai gaya musu?”

Na ce, “Inna, ai kowa ya san labarin.”

“Kowa ya san shi a bakina. Kai ne masanin, halas. Rubuta.”

Na tafi da ita shago na ajiye a aljihun tebur. Sai da ta kwana biyar ban buɗe ba. Rana ta shida, da hantsi, wani dattijo Bajawe ya shigo a canja masa batirin agogo. Larabcinsa tas, ashe malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Ya tsaya kan akwatin gilashina yana murmushi, yana kiran sunan kowace lamba kamar mai gaida 'yan garinsu, har ya gyara mini biyu da na jera a juye. Ban ji daɗi ba, amma na gode. Sannan, kafin zuciyata ta hana ni, na ciro ta Baba na miƙa masa.

Ya karanta ba tare da ya sa tabarau ba. “Pingat khidmat lama.”

Na ce, “Ulama. Ainun ce ta goge.”

Ya girgiza kai a hankali. Ya ce babu ainun da ta goge. Lama kalmarsu ce, ma'anarta abin da ya daɗe. Lambar doguwar hidima ce, ana ba ƙananan ma'aikata, masinja, direba, mai ban ruwan fulawa, wanda ya tsufa a bakin aikinsa ba a taɓa kama shi da laifi ba. Ya karɓi madubina ya duba gefenta, ya nuna mini wasu ƙananan haruffan boko da dattin shekaru ya cike. Sunan mai ita ne. Ba sunan Baba ba ne.

“Irin mutanen nan,” in ji shi, “yawanci ita kaɗai suke samu. Wasu da ita ake ɗaukar hotonsu na ƙarshe. Ya aka yi ta zo hannunka?”

Na ba shi labari a gajarce. Ya mayar mini da ita da hannu biyu, ya biya kuɗin batirinsa ya tafi.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Haushin dattijon, haushin kaina, har da na Baba da kunnensa na Bahaushe da ya mayar da lama ulama. Na sayo gilashin, na sami mai kyan rubutu, na tsaya a gabansa da takardu biyu a aljihu, ɗaya ta ce hidimar malamai, ɗaya ta ce doguwar hidima. Inna ba ta gani sosai. Jikoki ba za su taɓa bincikawa ba. Ni da na kunyata direba a kan tauraron gwangwani, ga ni zan rataye jabu a majalisin uwata da hannuna. Na ce wa mai rubutun zan dawo.

Na je wurinta bayan la'asar da ledar ɗanyen dabino. Tana zaune kan darduma, carbi a hannu. Na zauna ƙasa kusa da ita na faɗa mata komai, ban rage ba: ba Sarki ne ya aiko wa Baba ba, tsohon nan ba manzo ba ne, ƙaramin ma'aikaci ne, lambar tasa ce ta kansa, kuma babu malamai a cikin zancen.

Carbin ya tsaya. Na ga bakinta yana motsi, na ce a raina shi ke nan, na karya tsohuwa a kan harafi guda.

“Shi ya sa,” in ji ta. “Ina ta mamaki, manzon Sarki da faso a ƙafa. Har man kaɗe na ba babanku ya shafa masa.” Ta miƙo hannu na sa mata lambar, ta shafa ta da babban yatsa. “Ka ce ita kaɗai gare shi?”

“Haka malamin ya ce, Inna.”

“Ya cire ya ba babanku.”

“I.”

Ta share ido da bakin lulluɓi. “Kalmar nan, me ka ce take nufi?”

“Lama. Abin da ya daɗe. Wanda ya tsufa yana hidima.”

“Tun kafin in haife ka yake turin arabiyya,” in ji ta, “bai ajiye ba sai da ka yi furfura a gemu.” Ta danƙa mini lambar a tafin hannu, ta rufe yatsuna a kanta da nata. “Tsohon nan ya san abin da ya bayar, mu ne ba mu ji ba. Yalla, mai agogo, je ka rubuta yadda take. Ka sa sunan bawan Allahn nan a sama, na babanku a ƙasa.”