Mace ta Bakwai

Shekara arba'in da ɗaya Inna Mai Ɗori ta yi tana haɗa ƙashin da ya karye, a ɗan ɗakinta mai benci ɗaya da kwandon tsummoki. A wajen mahaifinta ta gada. Mijinta tela ne, mutumin kirki, wanda ko jinin kaza ya gani sai ya nemi wurin zama.

Sau biyu ilimi ya kawo mata ziyara.

Na farko wani Farfesa ne daga jami'a, da rakoda da takardar tambayoyi. Layin farko na takardar ya ce "maigida", don haka Tela aka zaunar a ƙofar gida. Duk tambayar da aka yi masa sai ya waiga: "Ke, kwana nawa ma cinya take yi?" Inna ta amsa daga tsakar gida, Farfesa ya rubuta. Da littafin ya fito, ga hoton Tela riƙe da karan ɗori, an kira shi gwani. An kuma gode wa iyalinsa saboda ruwan sha.

Shekara ashirin tana haɗiyar wannan takaici. Bayan Tela ya rasu, sai ga wata Dakta ta zo gyara ɓarnar. Ta zauna a ƙasa, ta ce an daɗe ana danne muryar mata.

"Muryata ba wanda ya danne, 'yar nan, har bakin titi ake ji na," in ji Inna. "Sunana ne ya ɓata. Ki rubuta shi da manyan baƙi."

"Inna, ƙa'idar bincike ta hana. Don a kare ki ne."

"Daga wa? Tela da ba a kare ba, a kan gadonsa ya cika, lafiya lau."

Dakta ta yi dariya, ta ce za ta ga abin da za a yi. A kan wannan magana Inna ta ba ta kwana tara, har sirrin gwiwa da ko 'yarta ba ta gaya wa ba.

Littafin Dakta ya iso bana. 'Yarta, malamar firamare, ta bi shafi-shafi da yatsa. Ga maganar Inna nan tsaf, har barkwancin da ta yi a kan Tela. A samanta an rubuta: "Mace ta Bakwai, mai kimanin shekara sittin, ba ta yi boko ba."

Inna ta karɓi littafin, ta jinjina shi, ta ƙwanƙwasa bangonsa. Akwai wani kafinta a benci yana nishi da karyayyen hannu.

"Miƙo min almakashin babanki," ta ce. "Bangon dai yana da ƙwari, zai yi ɗori."